Gaɓar Da Ta Kumbura Ba Ta Jiran Gobe

Uwargida, in yaronki ya tashi da zazzaɓi, gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi, ya ƙi taka ƙafar, ko an taɓa sai ya tsala ihu, to, kada ki ce targaɗe ne ko sanyi. Mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne su ka bi jini su ka shiga gaɓar, su ka tara mugunya. Gwiwa da kwatangwalo su su ka fi kamuwa. Mugunyar nan kuwa cin guringuntsi ta ke yi, cikin 'yan kwanaki sai ta ɓata shi, ba ya kuwa komawa kamar da. Ƙarshenta yaro ya girma da ɗingishi.

A asibiti likita ya kan zuƙo ruwan gaɓar da allura, ya aika ɗakin bincike a reni ƙwayoyin har a gane irinsu. Wannan ya kan ci kwana 2 ko 3, wani lokaci ma fiye. Ina gaɓa za ta iya wannan jira?

Don haka masana su ka nemi gwajin da za a yi nan take a bakin gado. A 2011 waɗansu likitoci a Filadelfiya ta Amurka su ka nuna 'yar siririyar takardar nan ta gwajin fitsari tana iya aikin. A kan ɗiga mata ruwan gaɓa. In fararen ƙwayoyin jini, watau mayaƙan jiki, sun taru suna faɗa da cuta, cikin minti 2 sai ta rine ta koma shunayya. A kan mutanen da a ka sa wa gaɓar ƙarfe su ka gwada, daga baya a ka gwada ga yara ma. A 2019 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani gwajin, Synovasure, don masu gaɓar ƙarfe, mai ba da amsa cikin minti 10.

Amma fa takardar ba ta raba gardama. In jini ya gauraya da ruwan, launin ba ya fita sosai. Wani kumburin da ba na ƙwayoyin cuta ba ma ya kan rina ta. Aikinta ta taimaki likita ya hanzarta wanke gaɓar ya fara magani kafin amsar ɗakin bincike ta iso.

Naki aikin, uwargida, kai yaro ran nan. Kada a kai wa mai ɗori, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Kada ki ba shi ragowar kafso, don ya kan ɓoye ƙwayoyin a kasa gane su. In mai amosanin jini ne, faɗa wa likita tun farko, gama su cutar ta fi samu.

Ku kuma 'yan makaranta masu goyon ƙanne, in jariri ya daina motsa ƙafa ɗaya, yana kuka duk sa'ad da a ka ɗaga ta, ku gaya wa Inna maza. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.