Akwatin da Hotunan Gani Za Su Kwana

Dokin da ya wuce a hawan Sallar Gani ba ya dawowa don mai kamara. Amma leƙa shagunan masu hoto a Daura ka ga inda aikin yake kwana: filashi a aljihu, memori a kwalin ashana, sauran kuma a kwamfutar da yara ke kallon fim. Masu buga wa ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya takardu ma duk kanwar ja ce.

Abin da nake haɗa wa irin waɗannan shaguna shi ne NAS, ɗan akwatin ajiya da ake jona wa rauta da kebul, kowace kwamfuta da waya a shagon ta riƙa zuba aiki a ciki, ko da babu data. Synology da QNAP, kamfanonin Taiwan, suna sayar da shi a haɗe. Wanda aljihunsa bai kai ba, tsohuwar kwamfutar tebur da manhajar OpenMediaVault, wadda kyauta ce, sun ishe shi.

Faifai biyu ake sa masa a tsarin RAID 1, duk abin da ya sauka a ɗaya ya sauka a ɗayan. Ka sayi biyu masu terabayit 4, to 4 ɗin za ka mora, ba 8 ba, kuma a nan ne mai shago kan ɓata fuska. Na fi son WD Red Plus ko Seagate IronWolf, don an yi su ne su kwana suna juyawa. In na hannu ne, a buɗe bayanan SMART a ga sa'o'in da ya yi yana aiki kafin a biya.

Ni dai ba na kunna akwatin sai an kawo UPS. In aka ɗauke wuta faifai na tsaka da rubutu, fayil kan lalace, ba kuma za ka sani ba sai ranar da ango ya zo karɓa. A nemi UPS mai kebul ɗin USB, wanda zai sanar da akwatin ya kashe kansa kafin batir ya ƙare. Akwati mai faifai biyu ba kasafai yake cin wat 30 ba, ƙaramar sola ma ta riƙe shi. A ɗaga shi daga ƙasa, inda iska ke ratsawa saboda zafin Afrilu, bayan hunturu kuma a hure masa ƙura.

Sai dai faifai biyun nan tare suke goge abin da ka goge, tare tsawa ke ƙona su, tare ɓarawo ke sungumarsu. Shi ya sa mai hoto Peter Krogh na Amurka ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a na'ura iri 2, guda 1 a wani wuri daban. Tura terabayit ta intanet a nan cin kuɗin data ne, don haka nakan ce a tanadi faifan waje, duk Juma'a a kwafe, a kai gida ko wurin ɗan'uwa a Sandamu. Lokaci-lokaci a jona shi a wata kwamfutar, a buɗe hotunan bikin bara a gani da ido.