Magidanci Mai Matsakaicin Shekaru a Ƙasar Biyetnam: Matsayinsa a Gida da Abubuwan Sha'awarsa

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarin da ɗalibai kan yi a kan al'adun al'umma yakan tsaya ne ga matakan rayuwa uku, wato haihuwa da aure da mutuwa, domin su ne suke da bukukuwa da ake iya gani a bayyana. Tsakiyar rayuwar mutum kuwa ba ta da biki, saboda haka ba kasafai ake waiwayarta ba, alhali a lokacin ne nauyin na gaba da na baya yake haɗuwa a wuyan mutum guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan mataki a rayuwar magidancin ƙasar Biyetnam, musamman na ƙabilar Kinh, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar. Za a duba zamanin da ya taso a ciki, da matsayin da harshe da al'ada suka ba shi a gida, sa'an nan abubuwan da yake ɗebe kewa da su. A ƙarshe za a nuna cewa waɗannan abubuwa na sha'awa suna da dangantaka ta ƙut da ƙut da irin matsayin da aka ajiye shi a kai.

2.0 Zamanin da Ya Taso

Magidancin da ake magana a kansa shi ne wanda aka haifa tsakanin 1965 da 1985. Manyan wannan rukuni sun yi ƙuruciyarsu cikin yaƙin da ya ƙare ranar 30 ga Afrilu, 1975, ƙananansu kuwa an haife su bayan haɗewar Arewa da Kudu a 1976. Mafi yawansu sun ɗanɗani zamanin da ake kira bao cấp, lokacin da gwamnati ce take raba shinkafa da nama da yadi da takardar rabo, yara kuma su ne ake aikawa su kama layi. A 1986 aka shigo da manufar sauyin tattalin arziki mai suna Đổi Mới, watau sabuntawa. A 1988 aka damƙa wa iyalai gonaki su noma da kansu, a 1989 kuma ƙasar da ta yi fama da ƙarancin abinci ta shiga sayar da shinkafa mai yawa a ƙasashen waje.

Wannan tarihi ya sa magidancin ya tsaya tsakanin duniya biyu. Iyayensa sun san yaƙi da yunwa, 'ya'yansa kuwa sun buɗe ido sun tarar da intanet da wayar hannu. Shi kaɗai ya san zamanan biyu, don haka shi ne tafintan da yake fassara wa tsofaffi halin jikokinsu, ya kuma fassara wa yara halin kakanninsu.

3.0 Matsayinsa a Harshe

Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne, a cikin gida kalmomin dangantaka su ne suke yin aikin wakilin suna. Uba ba ya ce wa ɗansa "ni" da "kai". Yakan kira kansa bố idan mutumin Arewa ne, ko ba idan na Kudu ne, ya kira yaron con, wato ɗa. Maimakon ya ce "zan kai ka makaranta", abin da yake faɗa shi ne "uba zai kai ɗa makaranta". Idan kuma ya juya ga nasa mahaifin, nan take shi ne con. A wurin matarsa shi anh ne, watau yaya, ita kuma em, ƙanwa. Ko a kan titi, yaro zai kira shi chú, ƙanen uba, in ya ga bai kai mahaifinsa shekaru ba, ko bác, yayan uba, in ya ga ya girme shi. Ashe ke nan kowace jimla da ya furta tana tuna masa wanda yake samansa da wanda yake ƙarƙashinsa.

Harshen ya kuma bambanta dangin uba da na uwa. Dangin uba su ne nội, ma'ana na ciki, dangin uwa kuma ngoại, na waje. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ta wajen namiji ake lissafin zuriya.

A nan akwai kama da bambanci tsakaninsu da Hausawa. Kamar yadda Bahaushiya takan sakaya sunan mijinta ta ce "Baban wane", haka matar Biyetnam takan kira mijinta bố nó, wato ubansa, bayan an sami haihuwa. Amma Bahaushe yakan girmama mahaifinsa ta hanyar sa wa ɗansa sunansa, sa'an nan a sakaya da Abba ko Baba. Mutumin Biyetnam kuwa bisa al'ada girmamawar ita ce a kauce wa sa wa yaro sunan kakansa gaba ɗaya. Manufa ɗaya ce, hanyoyi ne suka saɓa.

4.0 Nauyin da ke Kansa

4.1 Haƙƙin iyaye da magabata

Ƙasar Sin ta mallaki arewacin Biyetnam kimanin shekara 1,000, har zuwa 938, kuma koyarwar Konfushiyas ta ci gaba da tasiri bayan haka. Ginshiƙin wannan koyarwa a cikin gida shi ne hiếu, wato biyayya ga iyaye da rama musu alheri, suna raye ko sun mutu. Ko da yake a ƙidayar jama'a ta 2019 mafi yawan mutane sun ce ba su bin wani addini, gidaje masu ɗimbin yawa suna da teburin magabata, inda ake ajiye hotunan mamata da 'ya'yan itace da turaren tsinke. Babban ɗa namiji shi ne mai kula da wannan wuri, shi ne kuma mai tara dangi kowace shekara a ranar da mahaifi ko kaka ya rasu, taron da ake kira giỗ. Tun a ƙarni na 15, dokokin Hồng Đức na zamanin Sarki Lê Thánh Tông (1460 zuwa 1497) sun ware kashi ɗaya cikin 20 na gado domin wannan hidima, suka kuma ba 'ya'ya mata rabo a sauran dukiyar.

Mutum yakan gaji wannan aiki ne daidai lokacin da ya kai matsakaicin shekaru, wato sa'ad da ƙarfin mahaifinsa ya ƙare. A lokacin bikin sabuwar shekara ta watan sama, wanda ake kira Tết, shi ne zai share teburin magabata, ya sayo reshen fure, ya kwashi iyali zuwa ƙauyen asali, ya raba wa yara kuɗi a jan ambulan. Bisa al'ada ranar farko ta dangin uba ce, ta biyu ta dangin uwa, ta uku kuma ta malamai.

4.2 Haƙƙin 'ya'ya

Daga 1988 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar cewa kowane iyali ya tsaya ga ɗa ɗaya ko biyu, ba a kuma janye ta ba sai a 2025. Ke nan kusan dukkan shekarun haihuwar wannan magidanci sun faɗa cikin wannan ƙa'ida. Ƙidayar 2019 ta nuna matsakaicin gida yana da mutum 3.6. Sai dai son ɗa namiji, wanda zai gaji teburin magabata, bai gushe ba. A wannan ƙidaya an sami haihuwar maza 111.5 a kan kowace mace 100, abin da ya wuce yadda halitta ta saba. Wannan matsala ce da ta taso kai tsaye daga karon al'ada da doka.

Da yake 'ya'yan kaɗan ne, duk burin gida yakan taru a kan karatunsu. Girmama ilmi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar, domin ta hanyar jarrabawa ake samun muƙamin fada har zuwa 1919. A yau jarrabawar shiga aji na 10 da ta kammala sakandare su ne suke hana gida barci. A ranakun jarrabawa akan ga iyaye maza jere a kan baburansu a ƙofar makaranta, cikin rana ko ruwan sama, har a fito. Uban da bai saba furta ƙauna da baki ba, ta wannan hanya yake nuna ta.

4.3 Tsakaninsa da uwargida

Ana kiran magidanci trụ cột, ginshiƙin gida, amma wannan bai nuna cewa komai a hannunsa yake ba. A gidaje da yawa mace ce take riƙe da kuɗi, har ana yi mata laƙabi da nội tướng, watau janar ta cikin gida. Miji yakan miƙa albashi ta ba shi na kashewa, kuma ɗan abin da ya ɓoye wa kansa, wanda ake kira "baƙin asusu", ya zama abin barkwanci a tsakanin maza. Dokar aure ta 1959 ta hana auren mace fiye da ɗaya a Arewa, daga baya hanin ya game ƙasa. Mata da yawa suna aiki a ofis da masana'anta da kasuwa, saboda haka kiran da ake yi wa maza su sa hannu a aikin gida yana ƙara ƙarfi. Tun daga 2016 doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 5 na aiki idan matarsa ta haihu, ko kwana 7 in an yi mata tiyata. Mahaifinsa bai san irin wannan ba.

5.0 Abubuwan Sha'awarsa

5.1 Itatuwa da tsuntsaye

Renon ƙananan itatuwa a tukwane, wanda ake kira cây cảnh, yana daga cikin abubuwan da maza masu shekaru suka fi so. Akan datse rassa da saiwoyi, a ɗaure reshe da waya a tanƙwara shi sannu a hankali, har itacen ya ɗauki siffar tsohuwar bishiya alhali bai wuce tsawon kamu biyu ko uku ba. Aiki ne na shekaru, kuma wasu siffofin suna da sunayen da suka shafi iyali, kamar siffar uba da ɗa. Akwai kuma hòn non bộ, wato gina ɗan ƙaramin dutse a cikin kaskon ruwa, da tsirrai da kifaye. Masu kiwon tsuntsaye kuwa sukan ɗauki kejinsu da sassafe zuwa shagon gahawa, su rataye su kusa da juna, domin tsuntsu ya ji kukan ɗan'uwansa ya ƙara himma.

5.2 Wasanni

A gefen titi da wuraren shaƙatawa akan ga maza biyu a kan gajerun kujeru suna buga cờ tướng, wani nau'in dara da ya samo asali daga Sin. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16, an kuma zana kogi a tsakiyar allon. 'Yan kallo sukan kewaye su suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Da asuba kuma bakin tafkin Hoàn Kiếm na birnin Hanoi yakan cika da masu motsa jiki. Ƙwallon ƙafa ita ce take haɗa uba da ɗa a gaban talabijin. A Janairun 2018 ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 23 ta kai wasan ƙarshe na nahiyar Asiya a ƙarƙashin koci Park Hang-seo, ɗan Koriya ta Kudu. Uzbekistan ta ci ta 2 da 1 cikin dusar ƙanƙara, amma duk da haka jama'a suka cika tituna don tarbar 'yan wasan.

5.3 Zaman hira da illolinsa

Biyetnam ita ce ta biyu a duniya wajen noman gahawa, bayan Birazil, kuma shan ta yana tafiya da zaman hira, domin ɗiga take yi a hankali daga 'yar matatar ƙarfe. Da maraice kuma akwai nhậu, wato zaman shan giya da ciye-ciye tare da abokai ko abokan aiki. Maza da yawa suna ganin a nan ake ƙulla zumunci da ciniki, amma shi ne abin da ya fi jawo saɓani a gida, ban da cutar hanta da haɗarin hanya. Daga 1 ga Janairu, 2020 doka ta hana duk wanda ya sha barasa, komai ƙanƙantarta, tuƙa mota ko babur. Haka nan binciken shan taba na 2015 ya nuna kashi 45.3 cikin 100 na maza baligai suna sha, mata kuwa kashi 1.1 kacal. Akwai camfi a ƙasar cewa shekara 49 da 53 shekarun musiba ne ga mutum, kuma ba abin mamaki ba ne da ya zo daidai da lokacin da jiki yake fara neman bashin abin da aka yi masa.

6.0 Dangantakar Matsayi da Sha'awa

Idan aka haɗa abin da ya gabata za a ga dalilin da ya sa magidancin yake riƙe da waɗannan abubuwa da muhimmanci. A cikin gida, kamar yadda aka nuna, kullum shi uban wani ne, ko ɗan wani, ko yayan wata. A gaban allon dara ko a majalisar tsofaffin abokan makaranta ne kawai yake zama tsara a cikin tsararraki, har ya yi amfani da tao da mày, "ni" da "kai" na tsirara, waɗanda ba zai taɓa furta su a gaban mahaifinsa ba. Babba juji ne, in ji masu iya magana, kuma wanda ake zuba wa shara yana bukatar inda zai numfasa. Bugu da ƙari, wannan sha'awa tanadi ce ta tsufa. Dokar ƙwadago ta 2019 tana ɗaga shekarun ritayar maza daga 60 zuwa 62 nan da 2028, 'ya'ya kuma suna tafiya birane da ƙasashen waje neman ilmi da aiki. Wanda ya yi wa iyayensa hidima a gida ɗaya ba shi da tabbacin za a yi masa haka.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa magidanci mai matsakaicin shekaru a Biyetnam yana ɗauke da haƙƙin magabata da na 'ya'ya a lokaci guda, a zamanin da gida ya ƙanƙance, mace ta fita aiki, doka kuma ta shiga al'amuran iyali. Ta kuma nuna cewa abubuwan sha'awarsa, masu amfani da masu illa, suna fitowa ne daga wannan matsi. Ya kamata ɗaliban al'ada su riƙa tambayar abin da magidanci yake yi idan ya sauke nauyin yini, da kuma kalmomin da yake kiran kansa da su a kowane zama, domin a nan ake gane yadda al'umma take sauyawa.