Aikin albashi da aikin sa-kai a buɗaɗɗiyar manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce manhajar kwamfuta da ake sakin rubutun da aka gina ta da shi ga kowa, domin ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Mutane iri biyu ne ke gina ta: 'yan sa-kai da ke yi don sha'awa, da ma'aikatan da kamfani ko jami'a ke biya. Sau da yawa sha'awa ce ke fara aikin, amma ɗorewarsa kan buƙaci kuɗi.

Tarihi

A shekarar 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a Amurka. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fara rubuta Linux don nishaɗi. A yau akasarin gyare-gyaren da ke shiga Linux suna fitowa ne daga ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google.

Abin da ya sa ake biya

Ɗan sa-kai ya fi karkata ga abin da ke burge shi. Ayyuka masu gundura, kamar toshe kafar tsaro da amsa ƙorafin masu amfani, kan rasa mai yi. A watan Afrilun 2014 aka gano kuskuren Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita. Mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bayan haka ne gidauniyar Linux ta kafa asusu na tallafa wa irin waɗannan ayyuka.

Sai dai kuɗi ma na kawo saɓani. A 2006 shirin Dunc-Tank ya tara kuɗi don biyan mutum biyu masu jagorantar fitar da sabon Debian. Wasu 'yan sa-kai suka ji an fifita wasu a kansu, suka rage aiki. Sabon Debian ɗin, da aka tsara fitarwa a Disamba, bai fito ba sai Afrilun 2007.

A Sakkwato da Najeriya

Batun ya shafi Sakkwato ta fannin lafiya. Alƙaluman da asibitoci da ɗakunan shan magani na jihar ke tattarawa duk wata suna shiga DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke amfani da ita. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, da ma'aikata masu albashi da tallafin hukumomi irin su Norad. Haka nan manhajar ODK, da masu bincike na Jami'ar Washington suka fara a 2008, ta yi amfani wajen tattara bayanai ta wayar hannu a yaƙin kawar da shan inna a arewacin Najeriya.

Ga matashi a Sakkwato, aikin sa-kai ba kyauta yake zuwa ba, domin shi ke sayen data da neman wutar caji. Shirin Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, yana biyan sababbin masu ba da gudummawa alawus na wasu watanni. Ƙungiyar Open Source Community Africa, da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, tana haɗa masu wannan sha'awa a faɗin nahiyar.