Tatsuniyar Zamani a Sararin Samaniya

A hutun da ya wuce, yayana da ke karatu a Zariya ya zo gida Hunkuyi da kwamfutarsa. Ran nan bayan an ci tuwon dare, sai ya ɗora ta bisa turmi a tsakar gida, ya kunna mana wani fim na zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun. Kafin a jima yaran unguwa sun cika gidan. Kaka ma ta jawo tabarmarta ta zauna. Da labari ɗaya ya ƙare, sai ta ce, "Kai 'yan nan, ai wannan tatsuniya ce, sai dai Gizonsu cikin kumbo yake yawo." Muka yi ta dariya. Amma da na kwanta sai na ga ashe gaskiya ta faɗa. Wannan ne ya sa na bi diddigin fim ɗin, ga kuma abin da na samo.

Sunan fim ɗin Star Wars: Visions. Star Wars dai, wato Yaƙin Taurari, wani Ba'amurke ne mai suna George Lucas ya ƙago shi, fim na farko kuwa ya fito a 1977. Labari ne na waɗansu duniyoyi masu nisan gaske, inda ake tafiya daga wannan zuwa waccan cikin kumbo kamar yadda mu ke shiga mota daga Hunkuyi zuwa Maƙarfi. A can akwai wata daular zalunci, akwai kuma jarumai da ake kira Jedai, masu yaƙi da takobin haske. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas, aka ci gaba da fito da sababbin labarai.

To, a 2021 sai suka yi wata dabara. Maimakon dogon fim guda ɗaya, sai suka gayyaci gidajen zane bakwai na ƙasar Japan, suka ce kowa ya tsara gajeren labarinsa yadda ya ga dama, muddin dai cikin wannan duniya ta taurari abin zai faru. Aka sami labarai tara, kowanne bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba, kuma babu wanda ya dogara da ɗan'uwansa. Na farkonsu labarin wani baƙon jarumi ne da ya tsare wani ƙauye daga 'yan fashi, an zana shi baƙi da fari kamar tsofaffin finafinan Japan. Wannan kuwa tamkar biyan bashi ne, domin shi kansa Lucas ya tsinci dabaru daga wani fim na Akira Kurosawa, mutumin Japan, wanda ya fito a 1958.

Kashi na biyu, na 2023, shi ya fi burge ni, don a nan ne aka buɗe wa duniya ƙofa. Labarai tara suka zo daga ƙasashe tara: Sifen, Ailan, Chile, Ingila, Koriya ta Kudu, Faransa, Indiya, Japan da Afirka ta Kudu. Kowa ya zo da kayan gidansu. Mutanen Ailan suka ɗauko tsohuwar tatsuniyarsu ta fatalwa mai kururuwa, suka sa ta cikin kogo. Na Indiya suka ba da labarin wa da ƙanwarsa suna gudun azzalumai cikin jirgin ƙasa, kuma duk mai kallon fim ɗin Indiya, da ya ga tufafin da launukan zai gane inda aka fito. Na Afirka ta Kudu kuwa labarin wata yarinya ce mai suna Aau, wadda waƙarta ke tsarkake duwatsun da ake ƙera takobin haske da su. A 2025 an ƙara fito da kashi na uku, aka sake komawa ga masu zanen Japan.

Wataƙila mai karatu zai tambaya, yaya zane yake motsi? Abin ba tsafi ba ne. Ka ɗauki tsohon littafin rubutu, ka zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi, kana ɗan sauya ƙafarsa kaɗan kaɗan. In ka saki shafukan da sauri da babban yatsa, sai ka ga yana tafiya. Haka fim yake: hotuna 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ido ya kasa rarrabe su. Ke nan fim na minti 15 yana da hotuna 21,600. Ko da yake kwamfuta tana rage wahala, kuma sau da yawa zane ɗaya yakan tsaya a gurbin hoto biyu, duk da haka aiki ne na mutane da yawa: mai tsara labari, mai zane, mai sa launi, mai ba da murya da mai kiɗa.

Yanzu bari in komo gida. Wannan dabara ta ɗauko labarin wasu ka sa masa riga da hula irin naku, ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce Alhaji Abubakar Imam ya yi cikin Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a nan Zariya, ya fara fitowa a 1937. Ya tattaro labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya sa su bakin aku, har mai karatu ya ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Tafiya sama ma mun taɓa yin ta da alƙalami, domin a 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya kai shi yawon sararin samaniya. Alhaji Mamman Shata kuma ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa. Ta fuskar zane, 'yan'uwanmu na kudu sun fara: Shofela Coker ya yi Moremi a 2023, sa'an nan a 2024 aka fito da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba.

Abin da ya dame ni shi ne, a daren nan yara sun fi ashirin a gidanmu, amma da Kaka ta ce a zo ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, uku kaɗai suka tsaya. Laifin ba na yaran ba ne, ido ya riga ya saba da kallo. In ba mu zana namu ba, ƙannenmu za su tashi sun san jaruman kowa ban da nasu. Ga mu kuwa da Gizo, da Botorami, da Dodo, da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Me zai hana a yi labarin yarinyar Kudan da ke noman rake a duniyar da ruwa ya ƙafe?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro yana zane a bayan littafinsa, a tsawata masa ya gama aikin makaranta tukuna, amma kada a karya masa fensir. Ni kaina da na gaya wa Baba ina son karatun zane, shiru ya yi, daga baya ya ce, "Wannan zai ciyar da kai?" Na ce masa, "Baba, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashe guda na koyar da shi." Har yanzu bai amsa ba, amma bai hana ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu je wurin kakanninmu da littafi da biro tun suna raye, mu rubuta abin da ke bakinsu, don da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai na fara, na riga na rubuta tatsuniyoyi shida daga bakin Kaka.