Ciwon dajin baki da maƙogwaro: abin da binciken likitoci ya gano game da magani da warkewa

Ɗan kasuwa da muryarsa yake cin abinci. Mai kayan miya a kasuwar Dole ta Damagaram, mai atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, dillalin albasa a Galmi, mai kayan gini a Katako ta Yamai, kowa da baki yake kiran mai saye, da baki yake tayi, da baki yake sallamawa. Shi ya sa idan murya ta dushe ba mai ɗaukar abin da zafi. Sai a ce ƙura ce, ko sanyin hunturu, ko yawan magana, a sha citta da zuma a koma rumfa. Galibi kuwa haka ɗin ne. To amma akwai dushewar muryar da ba ta tafiya, akwai gyambon bakin da ba ya warkewa, akwai kuma ƙullutun wuyan da ke ƙara girma ba tare da zafi ba. A kansu za mu tsaya yau, domin likitocin duniya sun daɗe suna bincike kan ciwon da ke ɓuya a bayan waɗannan alamomi, kuma abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci na haɗa ciwon dajin leɓe, harshe, dasashi, ganɗa, maƙogwaro, maƙoshin da murya ke fita, cikin hanci da wuraren da ke samar da miyau, su kira su ciwon dajin kai da wuya. Wajen tara cikin goma suna somawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro. Cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2018 mutum wajen 890,000 suka kamu da shi a duniya, wajen 450,000 kuma suka rasu.

Babban mafarinsa taba ce da giya. Su biyun ne ke da alhakin kimanin kashi 75 cikin 100 na ciwon, kuma wanda ya haɗa su ya fi kowa shiga haɗari. A nan ya kamata iyayenmu mata su saurara da kyau: ba sigari kaɗai ake nufi ba. Garin tabar da ake cuɗawa da kanwa a danna tsakanin leɓe da dasashi, da wadda ake shaƙa a hanci, cibiyar Liyon ta sa su a jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Wurin da tabar ke kwana a baki, nan ne sau da yawa ciwon ke fitowa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ake ce ma HPV, wadda ita ce ke kawo ciwon dajin bakin mahaifa, ita ma tana iya kama can cikin maƙogwaro wajen gindin harshe.

Daga yanka zuwa ceton murya

A da, wanda ciwon ya yi nisa a maƙoshinsa ba shi da wata mafita illa a cire maƙoshin gaba ɗaya, a buɗe masa ƙofa a wuya ya riƙa numfashi, muryarsa ta asali kuwa ta tafi ke nan. A shekarar 1991 likitocin tsoffin sojojin Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da majiyyata 332. Rabi aka yi musu aikin da aka saba, rabi kuma aka ba su maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ake ce ma shimiyo, sannan aka gasa ciwon da hasken na'ura, wato radiyoterapi. Bayan shekara biyu, waɗanda ke raye a kowane ɓangare kashi 68 ne cikin 100, amma a ɓangare na biyu kashi 64 cikin 100 sun tsira da maƙoshinsu. Tun daga nan aka san cewa ana iya ceton rai a kuma ceci murya.

Sai tambaya ta gaba ta taso: shin ƙara shimiyo a kan gashi yana tsawaita rai da gaske? Masana a cibiyar Gustave Roussy da ke kusa da Paris suka tattara gwaje-gwaje 93 da aka yi da majiyyata 17,346, suka fitar da lissafi a 2009. Sun gano cewa idan aka ba da shimiyo a daidai lokacin da ake gashin, ana samun ƙarin kashi 6.5 cikin 100 na waɗanda ke raye bayan shekara biyar. A lissafin kasuwa, cikin kowane majiyyaci ɗari, an ƙara ceto shida ko bakwai. Wani zai ce ribar kaɗan ce, amma mai kirga riba da dala ya san abin da shida cikin ɗari ke tarawa. Shi ya sa yau, ga ciwon da ya yi nisa, aka fi haɗa gashin da wani magani mai suna cisplatine.

Ita ma fiɗa ta ci gaba. A asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya, inda ciwon dajin baki ya yi yawa saboda taunar taba, an yi gwaji kan masu ƙaramin ciwo a baki waɗanda ba a ji komai a wuyansu ba. Sakamakon 2015 ya nuna cewa idan aka cire kaluluwar wuya tun a aikin farko, kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, alhali waɗanda aka jira sai ƙullutu ya fito kashi 67.5 ne. Don haka idan likita ya ce zai taɓa wuya alhali ciwon a harshe yake, ba ɓarna yake so ba, tare hanyar ciwon yake yi.

Sabon babi shi ne na magungunan da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. A 2016 aka nuna amfanin nivolumab ga waɗanda ciwon ya dawo musu, a 2019 kuma na pembrolizumab. Suna ƙara watanni, wasu ƙalilan ma shekaru, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. A nan ma likitocin Mumbai sun yi dabara irin ta mai ƙaramin jari: suka gwada miligiram 20 kacal na nivolumab duk mako uku, a maimakon 240 da aka saba bayarwa duk mako biyu, suka haɗa da ƙwayoyin magani masu araha. A sakamakon da suka bayyana a 2022, waɗanda suka kai shekara guda da rai sun tashi daga kashi 16 zuwa 43 cikin 100.

Me ke sa wani ya warke, wani bai warke ba?

Duk wannan ci gaba bai kai abu guda nauyi ba, wato lokacin da majiyyaci ya iso gaban likita. Likitoci na kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na ɗaya da na biyu, ciwon ƙarami ne kuma bai kai wuya ba. Magani guda, fiɗa ko gashi, yakan wadatar, kuma bakwai zuwa tara cikin goma na kai shekara biyar da rai. Ƙaramin ciwo a igiyar murya ma, wajen tara cikin goma gashi kaɗai ke kashe shi, mutum ya koma rumfarsa da muryarsa. A mataki na uku da na huɗu kuwa, sai an haɗa magani biyu ko uku, wahala ta ninka, kuɗi su ninka, waɗanda ke kai shekara biyar kuma sau da yawa ba su wuce rabi ba. Abin takaicin shi ne, ko a ƙasashe masu kuɗi, mafi yawan majiyyata sai ciwon ya kai waɗannan matakai suke zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na biyu taba ce. Wani bincike da aka yi a Kanada a 1993 ya bi majiyyata 115 da ake ma gashi. Waɗanda suka ci gaba da shan sigari a lokacin magani, kashi 39 cikin 100 ne suka kai shekara biyu. Waɗanda ba su sha ba, kashi 66. Ke nan maganar “ai ciwo ya riga ya kama, me ya rage” kuskure ce. Barin taba ko a ranar da aka gano ciwon magani ne, kuma ba a biyan ko dala.

Abu na uku irin ciwon ne. A 2010 likitocin Amurka suka nuna cewa ciwon maƙogwaron da ƙwayar HPV ta kawo ya fi jin magani: kashi 82 cikin 100 na raye bayan shekara uku, a kan kashi 57 na sauran. Wannan na cikin dalilan da ke sa likita ya yanki ɗan tsoka ya aika ɗakin gwaji kafin ya fara komai. Wannan gwaji, biyopsi, shi kaɗai ke tabbatar da ciwon, kuma ba shi ke watsa shi cikin jiki ba kamar yadda wasu ke tsoro.

Abu na huɗu cika magani ne. Gashi yakan ɗauki wajen mako bakwai, kwana biyar a kowane mako, kimanin zama 35. Tsakiyar tafiya baki yakan yi gyambo, haɗiya ta yi wuya, miyau ya ƙafe, sai majiyyaci ya ce bari ya je gida ya huta. Bincike ya nuna cewa kowace ranar da aka tsallake dama ce ga ciwon ya sake tsiro. Shi ya sa ake duba haƙora kafin a fara, ake kuma matsa ma majiyyaci ya ci abinci mai ruwa-ruwa, kunu, madara, ƙwai, miya marar yaji, don kada jiki ya rame ya kasa ɗaukar maganin.

Mu a Nijar fa?

Shekaru da dama, wanda ke buƙatar gashi sai an fitar da shi ƙasar waje, wanda ba shi da hali kuma ya koma gida. A 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, CNLC, a Yamai, da tallafin hukumar nukiliya ta duniya AIEA. Babban mataki ne, amma ga matar da ke sayar da tumatir a Tawa ko Tasawa, mako bakwai a Yamai na nufin masauki, abinci, ɗan rakiya, da rumfar da za a bari a rufe. A nan ne adashe da ƙungiyoyin ƴan kasuwa ke da aiki. Yadda muke haɗa kuɗin biki da na suna, haka ya kamata mu iya tsare ma ƴar uwa rumfarta, mu kuma haɗa mata guzurin da zai kai ta ƙarshen magani, ba rabinsa ba.

Akwai kuma darasin da ya dace da aljihunmu, daga jihar Kerala ta Indiya. An horar da ƙananan ma'aikatan lafiya suka bi gida gida suna duba bakin mutane da ido kawai, cikin haske mai kyau. Binciken ya shafi mutum wajen 190,000, kuma sakamakon 2005 ya nuna cewa a cikin masu amfani da taba ko giya, mutuwa daga ciwon dajin baki ta ragu da kashi 34 cikin 100. Ba na'ura, ba allura. Duk mai madubi na iya ɗaga harshensa ya duba ƙarƙashinsa da gefensa, ya ja leɓe ya duba inda yake ajiye taba.

Ƙa'idar mako uku

Ga abin da za mu riƙe. Murya ta dushe sama da mako uku, gyambo a baki ko harshe da ya ƙi warkewa sama da mako uku, fari ko jan tabo a cikin baki da ba ya gogewa, ƙullutu mai tauri a wuya, wahalar haɗiya, ciwon kunne ɗaya da ba a gane dalilinsa ba, hanci ɗaya da ya toshe yana fid da jini, haƙori da ya yi girgiɗi ba dalili. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je likita mafi kusa, ya nemi a tura shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake ce ma ORL, ko likitan haƙori.

Ba kowane kumburin wuya ne ciwon daji ba. Akwai maƙoƙo, akwai kaluluwar da ciwon haƙori ko tarin tibi ke tayarwa, kuma kowanne da maganinsa. Amma ido ba ya rarrabe su, rashin zafi kuma ba shaidar lafiya ba ne, domin ciwon daji a farkonsa sau da yawa shiru yake. Kada a kai ƙullutun wuya a tsaga, kada a yi masa sakiya, kada a ɓata watanni ana sayen ƙwayoyi a tire. Wunin ciniki guda da za ki rasa don zuwa likita, Hajiya, ya fi araha nesa ba kusa ba a kan watannin da za a rasa idan aka makara. Kai kuma Alhaji mai sigari, wannan kwali da ke aljihunka shi ne kayan da ya fi kowane kaya jawo maka asara. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba masu jinya sauƙi.