Kuwenka: Samari na Fita, Tsofaffin Amurka na Shigowa

A kudancin ƙasar Ekwado, cikin tsaunukan Andis, akwai birnin Kuwenka, wanda ke zaune a tudun da ya kai kimanin mita 2,560 sama da teku. Shi ne na uku a girma bayan Guwayakil da Kito, kuma tun 1999 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A da 'yan yawon buɗe ido ne ke leƙowa, su yi kwana biyu, su ɗauki hoton babban cocin nan mai shuɗɗan ƙubbobi, su sayi malafa, su gangara Peru. Daga 2009 aka fara ganin wasu irin baƙi: tsofaffin Amurka da Kanada da suka yi ritaya, dubbai, da komatsansu da karnukansu, sun zo zama.

Masu tallar garin sukan ce daɗin yanayi ne ya jawo su. Da ƙamshin gaskiya, don tudu ya karya zafin yankin, rana ba ta cika wuce digiri ashirin da 'yan kai ba, gidaje ba sa buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, sauro ma bai cika hawa can ba. Amma wannan yanayi yana nan tun kafin Sifaniyawa su kafa garin a 1557, bai kuwa kira kowa ba. Aljihu ne ya sauya. Karayar tattalin arziki ta 2008 ta cinye ajiyar Amurkawa da yawa da ke dab da ritaya, gidajensu suka faɗi warwas a kasuwa. Ana cikin haka, a 2009 mujallar International Living ta ɗora Kuwenka a kan gaba cikin wuraren da suka fi dacewa da ɗan fansho. Ga wanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, wannan labari ya zo a kan gaɓa.

Ekwado kuwa tana da abin da maƙwabtanta ba su da shi. Tun shekarar 2000 ta yi watsi da kuɗinta, sukure, ta rungumi dalar Amurka. Ba canji, ba fargabar faɗuwar kuɗi. Fansho ya shigo da dala, a kashe shi da dala. Matsakaicin abin da gwamnatin Amurka ke biyan ɗan fansho a 2024 bai kai dala 2,000 a wata ba, kuɗin da a manyan biranen can haya kaɗai kan lashe. A Kuwenka yana ɗaukar haya da cefane da 'yar aiki, har a rage na fita cin abinci. Abincin rana na gidajen sayar da abinci, wato miya da shinkafa da nama da ruwan 'ya'yan itace, bai cika wuce dala uku ba. Wanda ya kai shekara 65, ko baƙo ne, in dai yana da takardar zama, rabin kuɗin mota yake biya, kuma ana mayar masa da wani kaso na harajin sayayya. Yana iya shiga inshorar lafiya ta gwamnati, IESS, da kuɗi kaɗan. Ci-rani ne dai irin wanda muka sani, sai dai mai ci-ranin nan bai zo neman kuɗi ba, ya zo ne inda ɗan abin hannunsa zai yi auki.

Zaman kansa bai kai daɗin da mujallu ke zayyanawa ba. Akwai wata doguwar matattakala ta dutse da ke hawa daga bakin kogin Tomebamba zuwa titin Calle Larga, kuma a nan ake gane sabon zuwa: ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, yana haki, wata tsohuwa mai faffaɗan siket da malafa ta wuce shi da kaya a goye. Iska ba ta da kauri, barci kan gagara a makon farko, rana na ƙona fata ko da gari ya yi luf, wake kuma kan daɗe a wuta don ruwa na tafasa kafin ya yi zafin da aka saba. Mai ciwon zuciya ko na huhu sau da yawa dole ya sauka. Sannan ga harshe. Koyon Sifaniyanci a shekara saba'in ba wasa ba ne, shi ya sa da yawa suka dunƙule a dogayen benaye na titin Ordóñez Lasso, unguwar da 'yan gari suka laƙaba wa Gringolandia. Sunan ne ma masanin zamantakewa ɗan Kanada, Matthew Hayes, ya sa wa littafinsa na 2018 kan wannan ƙaura. Wasu kan yi 'yan shekaru, kewar jikoki ko wata babbar jinya ta mayar da su gida.

Me garin ya samu? Likitocin haƙori, direbobin tasi, masu gidajen abinci da lauyoyin biza sun dara. Har wata sana'a ta tsiro, ta masu jin Turanci da ke raka baƙo banki da asibiti da ofis a biya su, kuma galibinsu 'yan garin ne da suka dawo daga Amurka. Ƙorafin da aka fi ji shi ne na haya. Dokar bizar 'yan fansho a yanzu tana neman mutum ya nuna kuɗin shiga ninki uku na mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 dala 460 ne a wata. Ke nan mafi talaucin waɗanda ake bai wa wannan biza ya ninka lebura sau uku, kuma su biyun kasuwar haya ɗaya suke shiga. Mai gida ba ya buƙatar a yi masa lissafi. Abin da baƙo ya kira araha ya biya ba ciniki, shi ne gobe za a yanka wa malamin makaranta.

Duk da haka, a ganina ɗora wa baƙi laifin tsadar gidaje baki ɗaya son kai ne. Dubbai ne kawai a garin da ya haura mutum dubu ɗari uku, kuma akwai wata dalar da ta riga tasu isowa. Tun da kasuwar malafar da ake kira ta Panama, wadda a nan yankin ake saƙa mafi yawanta, ta karye a shekarun 1950, mazan lardin Azuway, inda Kuwenka take, da na Kanyar suka kama hanyar Niyok. Rugujewar bankuna ta 1999 ta ƙara kora dubun-dubata zuwa Amurka da Sifaniya da Italiya. Kuɗin da suke aikowa ne ya gina manyan gidaje masu hawa biyu da uku a ƙauyukan da ke kewaye, wasu a kulle shekara da shekaru, kuma shi ya fara ɗaga farashin filaye. Ba ƙaramin abin mamaki ba ne a ga tsohon Ba'amurke yana haya a gidan wanda ke wanke kwanuka a Niyok ba takarda.

A nan ne rashin daidaiton ya fito fili. Ba'amurke na shiga Ekwado ba biza, ya yi kwana 90 yana duba gari kafin ya yanke shawara. Saurayin Azuway kuwa gona ake jinginarwa a biya masu safarar mutane, kuma a 2023 'yan Ekwado ne na biyu a yawa, bayan 'yan Benezuwela, cikin masu ratsa dajin Dariyen da ƙafa a hanyarsu ta zuwa Amurka.

Shekarar 2024 ta gwada wannan zama. A Janairu Shugaba Daniel Noboa ya ayyana yaƙi da gungun masu safarar ƙwaya bayan 'yan bindiga sun kutsa wani gidan talabijin a Guwayakil ana tsakiyar shiri. Kuwenka ta fi biranen gaɓar teku kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, amma 'ya'ya a Amurka ba sa bambancewa, waya kawai suke bugowa a dawo. A Afrilu harajin sayayya ya tashi daga kashi 12 zuwa 15. Sai fari ya biyo baya, ruwan madatsar lantarki ta Mazar da ke kogin Paute, gabas da birnin, ya ja baya, ƙasar ta shiga ɗauke wuta har na awa 14 a rana. Tsoho mai fansho na iya kunna kyandir ya jira. Matasan da Ekwado ta fara zawarci da sabuwar biza tun 2022, masu yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, su kam albashinsu a jikin wayar lantarki yake, kuma Medeyin ta Kolombiya na nan kusa tana neman irinsu.