Abin da Ɗan Kifi Ya Ci: Daga Rima Zuwa Tekun Fasifik

Mai shan farfesun tarwaɗa a Sabon Garin Sakkwato ba ruwansa da abin da kifin ya ci yana ƙarami. Alhali rayuwar kifi ko mutuwarsa a 'yan makonnin farkon nan take yankewa.

Ɗauki samon, kifin ƙasashen sanyi. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku, ya girma, sannan ya dawo rafin haihuwarsa ya yi ƙwai. Da hanci yake gane hanya: ƙanshin ruwan da ya bi yana yaro ya haddace. Yawancin na Tekun Fasifik suna gama ƙwan sai su mutu.

Jan namansa ma ba gado ba ne. Daga ƙananan jatan lande da yake ci ya samo shi, shi ya sa masu kiwonsa suke zuba sinadarin launin a abinci.

Tsakanin 2014 da 2016 wani makeken yanki na Fasifik ya ɗumame a gaɓar Amurka. Ƙananan halittun ruwan sanyi masu maiƙo suka yi ƙaranci, na ruwan ɗumi marasa kitse suka maye gurbinsu. 'Ya'yan samon da suka iso teku suka tarar da abinci, amma mara amfanar jiki.

Abin da ya fi ɗaure kai ya faru a Kalifoniya a 2020. A gidajen ƙyanƙyasa sai aka ga 'ya'yan kifi suna juyi kamar masu hajijiya, suna mutuwa. Aka nemi cuta, babu. Ashe iyayensu mata ne suka cika ciki da wani ɗan kifi, ancobi, mai lalata bitamin B1, ƙwan ya fito da rashi. Da aka tsoma 'ya'yan a ruwan bitamin, sai ga su sun miƙe.

A shekarun da aka yi fari a Kalifoniya kuwa, tanka ake cika da 'ya'yan samon a kai su bakin teku ta kan kwalta. Wanda ya je a mota bai shaƙi hanya ba, don haka da yawa sukan ɓace a dawowa.

To, mu dawo gida. Kifinmu ma matafiyi ne, sai dai tekunsa fadama ce. Da ruwa ya cika da damina, tarwaɗa da ƙarfasa sukan bar kogi su shiga ciyawar da ta nutse su yi ƙwai, 'ya'yan su ƙoshi da ƙwari da gansakuka. Masana a Kalifoniya sun zuba 'ya'yan samon a gonakin shinkafa masu ruwa, suka ga sun fi na cikin kogi saurin girma nesa ba kusa ba. Wannan ai kowane Basarke a Argungu zai iya faɗa musu kyauta.

Shi ya sa da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ambaliya ta ragu a fadamun ƙasa, kamun masunta ya ragu tare da ita. Ga kuma ta Goronyo a kan Rima.

Kifayenmu kuma kowanne da dabararsa: uwar ƙarfasa a bakinta take renon ƙwanta, kusan ba ta cin komai sai sun fita. Gaiwa kuwa ba ta ƙaura ko'ina: ruwa ya janye, ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har damina ta zagayo.